Ƙananan Jiragen Sama Marasa Nauyi: Asalinsu da Darasin da Ke Cikinsu

Lacca domin jama'ar Dogon Daji, da Tambuwal, da Kebbe



In an ambaci jirgin sama a ƙasar nan, abin da ya kan zo wa mutum a rai shi ne ƙaton jirgin nan da ke kwasar alhazai daga Sakkwato zuwa Jidda, mai ɗaukar mutum ɗari uku ko fiye. Amma akwai wani irin jirgi dabam, wanda nauyinsa duka da kaɗan ya ɗara buhun gero guda, mutum ɗaya ya ke ɗauka, injinsa kuwa bai fi na babur girma ba. Labarin irin wannan jirgi shi ne za a bayar yau. Dalili kuwa shi ne, a garuruwan nan akwai samari masu basira, makanikai da masu walda da 'yan makaranta, waɗanda in sun ga hoton irinsa sai ransu ya biya, su ce ai wannan su ma za su iya haɗawa. Sha'awar nan abar yabo ce. Sai dai an riga su zuwa wannan mashigi da fiye da shekara ɗari, waɗansu sun haye, waɗansu sun rasa rayukansu. Ya kamata a san dalilin hayewar waɗannan da dalilin faɗuwar waɗancan.

Yadda jirgi ke tashi

Kowane jirgi yana tsakanin abubuwa huɗu ne masu ja-in-ja. Nauyinsa yana jansa ƙasa, fiffike yana ɗaga shi sama, farfela tana jansa gaba, iska tana tokare shi. Fiffike ba ya ɗagawa sai iska tana wucewa ta kansa da sauri. An yi shi da ɗan doro a bisa, an kuma ɗan ɗaga bakinsa, don haka in yana keta iska sai ya karkata ta ƙasa, ita kuwa ta tura shi sama. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar ya kan ninka huɗu. In kuwa gudun ya ragu ƙwarai, ko matuƙi ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, sai iskar ta rabu da bayan fiffiken, ɗagawa ta ƙare nan take, jirgin ya rikito.

Daga nan a ke gane amfanin rashin nauyi. Jirgi maras nauyi mai faɗin fiffike ba ya bukatar gudu mai yawa kafin ya tashi, saboda haka ƙaramin inji ya ishe shi, ɗan fili kuma ya ishe shi sauka. Wahalar ita ce a rage nauyi ba a rage ƙarfi ba. Dukan tarihin da ke tafe, neman wannan daidaito ne.

Mutanen farko

Masu tarihi sun ruwaito cewa a birnin Kurɗuba na ƙasar Andalus, cikin ƙarni na tara, wani masani mai suna Abbas bin Firnas ya yi wa kansa fukafukai, ya diro daga wuri mai bisa, ya yi ɗan shawagi. Wajen sauka ya ji ciwo a baya, aka ce don bai yi wa kansa jela ba, alhali kuwa da jela tsuntsu ke sauka.

A Ingila, cikin 1799, Sir George Cayley ya gane cewa ba lalle ba ne a kaɗa fiffike kamar na tsuntsu. A bar fiffike a kafe ya yi aikin ɗagawa, a nemi wani abu dabam ya yi aikin turawa. Cikin 1853 jirginsa maras inji ya ɗauki mutum ya haye wani ɗan kwari da shi.

Wanda ya mai da abin sana'a shi ne wani Bajamushe, Otto Lilienthal. Ya shekara da shekaru yana lura da manyan tsuntsaye dangin shamuwa, yana auna fukafukai, sa'an nan ya fara gwadawa. Da tsumagun itace da farin yadi ya ke yin jiragensa, nauyin guda wajen kilo 20. Ya kan rataya a tsakiya, ya sheƙo da gudu daga kan tudu har iska ta ɗauke shi, yana sarrafa jirgin da karkata jikinsa. Daga 1891 zuwa 1896 ya tashi wajen sau 2,000. Ran 9 ga Agusta 1896 hancin jirginsa ya ɗaga, gudu ya ƙare, karkata jiki bai isa ya gyara ba, ya faɗo. Kashegari ya rasu.

Mutuwarsa ta zama darasi ga waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu sana'ar kekuna. Suka ce kafin a ɗora inji, sai an san yadda za a riƙe jirgi ta kowace fuska, watau hanci sama ko ƙasa, da karkata gefe, da juyawa dama ko hagu. Suka yi wani akwati da a ke hura iska ciki, suka gwada ƙananan fukafukai iri iri. Ran 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi a Kitty Hawk. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, ya ci ƙafa 120, bai ko kai rabin filin ƙwallo ba. Injinsu mai ƙarfin doki 12 ne, nauyinsa wajen kilo 80. A riƙe wannan lissafi, za a komo gare shi.

'Yar Budurwar Santos-Dumont

Kakan ƙananan jirage na sosai a birnin Paris aka haife shi. Mai shi wani mutumin Barazil ne, Alberto Santos-Dumont, ɗan mai gonakin kofi. Burinsa shi ne jirgi ya zama abin hawa na kowa, kamar doki. Cikin 1907 ya fito da wani ɗan jirgi da aka sa wa suna Demoiselle, watau 'Yar Budurwa, ya yi ta gyara shi har 1909. Da gora aka yi ƙashinsa, aka lulluɓe fukafukan da siliki, aka ɗaure da wayoyi. Injin yana bisa fiffike, matuƙi yana zaune a ƙarƙashi dab da ƙasa, tsakanin ƙafafu. Faɗin fukafukan da kaɗan ya wuce mita 5, nauyin jirgin wajen kilo 110, gudunsa ya kan kai kilomita 90 a sa'a guda.

Santos-Dumont bai nemi kuɗi da fasaharsa ba. Ya ba da zanen kyauta, har wata mujalla ta Amurka mai suna Popular Mechanics ta buga shi cikin 1910, mutane suka shiga ƙerawa a gidajensu. Amma da ya ke shi ɗan ƙaramin mutum ne, daidai jikinsa ya auna jirgin, ƙato ba ya jin daɗinsa. A ƙaramin jirgi, nauyin matuƙi kansa yana cikin lissafin ƙira.

Injin babur a sararin sama

Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, ya ja hankalin maƙera ga manyan injuna. Bayan yaƙi aka komo ga ƙanana. Sharuɗɗan sulhu na 1919 sun ɗaure wa Jamus hannu wajen jirage masu inji, sai samarinta suka koma ga marasa inji, suna taruwa a kan dutsen Wasserkuppe tun daga 1920. Nan aka ƙware wajen yin dogayen fukafukai marasa nauyi, aka kuma koyi hawa iskar nan mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa, wadda shaho da ungulu ke kewaya a cikinta da rana tsaka ba tare da kaɗa fiffike ba.

A Ingila kuwa aka shirya gasa a Lympne cikin 1923, don a ga jirgin da zai fi nisa da galan ɗaya na fetur. Jirage biyu suka yi kunnen doki, kowanne ya ci mil 87 da rabi, watau wajen kilomita 140. Wannan ya fi nisan Sakkwato zuwa Tambuwal. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Wren, da ɗan injin babur ya yi wannan aiki. Duk da haka waɗanda suka tuƙa su sun ga aibinsu: ƙarfinsu ya yi kaɗan, in iska ta taso ba su da abin yi. Saboda haka kamfanin De Havilland ya fito da Moth cikin 1925, mai ƙarfin doki 60, mai ɗaukar mutum biyu, shi ne ya zama jirgin koyon tuƙi a ƙasashe da yawa. Watau tsimin da ya wuce iyaka shi ma haɗari ne.

Ƙwarƙwatar Sama

Labarin da ya fi dacewa a saurara da kunnen basira shi ne na wani Bafaranshe, Henri Mignet. Tuƙin jirgi irin na kowa ya ba shi wuya, sai ya ƙudura zai ƙago wanda talaka zai ƙera da kansa, ya kuma koyi tuƙinsa da kansa. Ya sa masa suna Ƙwarƙwatar Sama, Ingilishi kuwa suka kira shi Ƙuma. Fukafukai biyu gare shi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kusa da juna. Sanda guda ce ke sarrafa kome: in an ja ta ko an tura, fiffiken gaba ya motsa, in an kai ta gefe, jela ta juya. Injinsa na babur ne mai ƙarfin doki 17. Ya tashi da shi ran 10 ga Satumba 1933, cikin 1934 kuma ya buga littafi mai bayanin yadda za a haɗa shi da katako da yadi da kayan kanti.

Littafin ya karɓu ƙwarai da gaske. A Faransa da Ingila ɗaruruwan mutane, kafintoci da akawuna da 'yan makaranta, suka duƙufa ƙira a zaure da bayan gida. Daga nan sai mutuwa ta fara. Cikin Agusta 1935 wani ya faɗi a Aljeriya ya mutu, waɗansu suka biyo baya a Faransa da Ingila. Duk faɗuwar iri ɗaya ce: jirgi ya sunkuyar da hanci, ya ƙi ɗagowa, har ya caki ƙasa.

Cikin 1936 masana suka sa jirgin cikin wani babban zaure da a ke hura iska da inji, suka gano cutar. Ashe in jirgin ya sunkuya da gudu, matuƙi ya ja sanda don ya ɗago, sai gindin fiffiken gaba ya matso kusa da na baya. Iskar da ke bi ta tsakaninsu ta ƙara sauri a bisa na bayan, shi kuwa ya ƙara ɗagawa, ya cira gindin jirgin sama, hanci ya daɗa nutsewa. Iyakar jan matuƙi, iyakar kusantar ajalinsa. Mignet da kansa ya tsira ne don injinsa ƙarami ne, a hankali ya ke tafiya, waɗanda suka kwaikwaye shi kuwa da yawa sun ɗora injin da ya fi nasa ƙarfi, waɗansu kuma ba su daidaita nauyi yadda ya kamata ba. Hukuma ta hana tashi da irin wannan ƙira. Daga baya Mignet ya gyara ta, jikokin wannan jirgi suna tashi lafiya har yau.

A lura, mutanen nan ba ragwaye ba ne, aikin hannunsu kuma ba shi da laifi. Aibin yana ɓoye ne inda ido ba ya gani, sai awo ya tona shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Fiffiken ƙyalle

Cikin 1948 wani injiniya na Amurka, Francis Rogallo, tare da matarsa Gertrude, suka ƙago fiffike mai kusurwa uku, na ƙyalle, wanda iska ce ke cika shi ta ba shi siffa. Na gwajin farko da labulen gida aka ɗinka shi. Cikin 1963 wani mutumin Ostareliya, John Dickenson, ya rataya wurin zama a ƙarƙashin irin wannan fiffike, ya sa wani ƙarfe mai kusurwa uku da matuƙi zai riƙa turawa ko ja. Dabarar Lilienthal ta karkata jiki ta komo ke nan, amma a gyare. Kayan aiki su ma sun sake. Bututun alminiyam, irin ƙarfen nan da a ke zuba tukwane da shi, ya maye gurbin gora, yadin roba mai ƙarfi ya maye gurbin siliki.

Saura inji. Ran 15 ga Maris 1975, a jihar Wisconsin ta Amurka, John Moody ya ɗaura ɗan injin motar wasa mai ƙarfin doki 12 da rabi a jikin jirgin shawagi, ya sheƙa da ƙafafunsa a bisa wani tabki da ya daskare, ya tashi. A tuna da injin su Wright. Ƙarfin kusan ɗaya ne, amma wancan ya kusa nauyin buhun gero, wannan kuwa mutum na ɗauka a hannu. Burin Santos-Dumont ya jira shekara sittin da 'yan kai kafin inji ya iso shi. Cikin 1978 wani saurayi a Kanada, Dale Kramer, ya yi jirgi mai suna Lazair da injunan zarton yankan itace guda biyu.

Da abin ya yawaita, haɗari ya yawaita, sai gwamnatin Amurka ta kafa doka cikin 1982. Jirgin da za a lasafta cikin marasa nauyi, mutum ɗaya zai ɗauka, nauyinsa ba kaya kada ya kai kilo 115 da ɗoriya, mansa kada ya wuce galan 5, gudunsa kada ya wuce kilomita 102 a sa'a. Da rana kaɗai zai tashi, ba kuma zai bi ta bisa gari ko taron jama'a ba. Cikin shekarun 1980 aka ƙago laima wadda a ke harbawa ta sauko da jirgin dungum in ya lalace. Cikin 1998 wani Baturen Ingila, Brian Milton, ya kewaye duniya da irin wannan jirgi cikin kwana 120.

Rabon ƙasar nan cikin labarin

Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Cadi da Barno, shugabansu Arthur Coningham. Su ma da katako da yadi da waya aka yi su. Cikin 1936 aka fara kawo wasiƙu ta jirgi daga Hartum zuwa Kano. Cikin 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙi da gyaran jirage a Zariya, wadda ke aiki har yanzu.

A Kaduna kuma an ƙera ƙaramin jirgi na sosai. Sunansa Air Beetle, mai ɗaukar mutum biyu, ya fara tashi cikin 1989, aka yi guda 60 domin koya wa mayaƙan saman Nijeriya tuƙi. Ya fi marasa nauyin nan nauyi, amma danginsu ne, gama asalin zanensa na wani jirgi ne na Amurka, RV-6A, wanda mutane ke sayen kayansa su haɗa a gida. Masu aikin Kaduna sun ɗauki zanen da aka riga aka jarraba, suka gyara shi daidai da zafin ƙasar nan.

Cikin 2007 jaridun duniya suka ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda. An ce tashinsa bai wuce ƙafa 7 ba. Basira kam ya nuna ta. Abin da ya tokare shi shi ne abin da ya tokare na farko, watau nauyi, gama injin ƙaramar mota shi kaɗai ya kan kusa nauyin dukan jirgin Santos-Dumont. A ƙasar Nijar kuwa, ƙarshen shekarun 1990, wani mai ɗaukar hoto, George Steinmetz, ya yi shawagi bisa hamadar Tenere da laima da ɗan inji goye a bayansa. A waɗansu gandayen daji na Afirka ana amfani da ƙananan jirage wajen ƙidayar namun daji da tsaronsu, don suna tafiya a hankali, kusa da ƙasa, ba su kuwa shan mai da yawa.

Iskar ƙasar Sakkwato

Jirgi maras nauyi bawan iska ne, iskar ƙasar nan kuwa tana da halinta. Da bazara zafi ya kan wuce awo 40. Iska mai wannan zafi ta fi mai awo 15 rashin kauri da kusan kashi 8 cikin 100, sai fiffike ya rage ɗagawa, inji ya rage ƙarfi, filin da ya isa tashi da asuba ya kasa isa da azahar. Guguwar nan da ke murɗa kara a gona tana iya kifar da ƙaramin jirgi. Da hunturu hazo ya kan rufe ƙasa, matuƙi ya rasa inda sama ta rabu da ƙasa, ƙura kuma ta toshe inji. Da farkon damina iskar da ke gaban hadari ta kan yaye jinka da kwano, balle fiffiken yadi. Har rana kanta tana cin yadin roba, ya ruɓe alhali ana ganinsa kamar sabo. Don haka masu irin wannan jirgi a ƙasashen zafi da sassafe su ke tashi, ko da la'asar sakaliya.

Gargaɗi

Abin da ya fito daga tarihin nan guda huɗu ne.

Na farko, a fara da ƙarami. Su Wright da 'yan fukafukai cikin akwati suka fara. Yaron da ya yi ɗan jirgi na kara da takarda, ya jefa, ya ga yana dungurewa, ya matsa nauyi gaba ko baya har ya miƙe, ya kama hanyar ilmi ba tare da ya sa ransa a haɗari ba. Iyaye kada su kore shi, malamai su taimake shi da lissafi da kimiyya.

Na biyu, kada kowa ya ɗora mutum a kan abin da ba a auna ba. Kyan walda ba ya nuna lafiyar ƙira.

Na uku, dokar nan ta 1982 ta Amurka ce, a can ta tsaya. A Nijeriya hukumar kula da sha'anin jiragen sama, NCAA, ita ke da ikon yi wa jirgi rajista da ba matuƙi lasisi. Mai niyyar ƙera abin da zai tashi da mutum, ya nemi shawararta tun aiki yana kan takarda.

Na huɗu, ga sauran jama'a: in ƙaramin jirgi ya sauka a gona ko a fili, a tsare yara, kada kowa ya matsa kusa sai farfela ta tsaya cik, gama in tana juyawa ido ba ya ganinta. Kada a kunna wuta ko taba a kusa. A sanar da dagaci, shi kuwa ya sanar da hukuma.

Mai keke da kafinta da mai gyaran babur su ne suka buɗe wa duniya wannan hanya, irinsu kuwa ba su yi ƙaranci a Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe ba. Wanda ya ga ɗansa yana da wannan sha'awa, ya tsare masa karatunsa har ya isa Zariya ko jami'a, inda akwai ma'auni da malamai. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa a dace, amin.